Tsakanin "Fasfo" da "Kopi": Turancin Ɗan Shanono da Abin da Mutanen Koriya Suka Gano

Ɗan Koriya da ya yi ƙaura zuwa Amurka, in ya shiga shago a Los Angeles yana son gahawa, "kopi" zai ce, saboda harshensa ba shi da sautin f, sai ya ɗauko p ya cike gurbin. Ɗan Shanono kuwa, in ya tashi neman takardar fita waje, "fasfo" zai nema, shi kuma p ɗin ce ba ta da mazauni nata na kanta a bakinsa. Baƙaƙe biyu ne suka kayar da su duka, sai dai kowa da ɓangaren da ya faɗi. Hausa da harshen Koriya ba dangi ba ne, ba su taɓa maƙwabtaka ba, amma benci da inci da muke faɗi, haka su ma suke faɗinsu, har da wasalin i da muka liƙa a ƙarshe. Mun ce biza, sun ce "bija". Mun ce talabijin, sun ce "tellebijon". Sautin v na Bature ya koma b a birnin Seoul kamar yadda ya koma b a kasuwar Faruruwa.

Na kawo wannan kamanni ne saboda wani ciwo da ya daɗe yana cin matasanmu. Da an gama girbin gero da dawa da gyaɗa, samari sukan bar Shanono da Alajawa da Kokiya da Tsaure su nufi Legas, Ibadan, Fatakwal ko Abuja ci-rani. Wasu kuma karatu ne yake fitar da su, zuwa jami'a ko makarantar jinya, har ƙasashen waje. Da yawansu sukan tafi da yaƙinin cewa yadda suke furta Turanci shaidar ƙauyanci ce, ko ta nauyin kai. Sai yaro mai kaifin basira ya yi gum a cikin taro don kada a yi masa dariya. To ga Koriya ta Kudu, ƙasar Samsung da Hyundai, wadda ba a yi mata gorin ilimi a duniyar yau, injiniyoyinta da likitocinta suna tuntuɓe a daidai wuraren da ɗan acaɓanmu yake tuntuɓe. Ashe matsalar ba ta ƙauye ba ce, ba kuma ta ƙwaƙwalwa ba. Ƙa'idar harshen uwa ce take aikinta. Abin da yake da ƙa'ida kuwa ana iya gano shi a koyar da shi, kuma ni a ganina hanyar koyarwar tana cikin garuruwanmu tun kafin zuwan boko, ba mu dai haɗa ta da ajin Turanci ba.

Mu fara da kunne, don nan ne abin yake farawa, ba a baki ba. A 1984 wasu masu bincike biyu a Kanada, Janet Werker da Richard Tees, sun gwada jarirai na gidajen da ake Turanci. 'Yan wata shida zuwa takwas suna iya bambance baƙaƙen harshen Hindi da ba a taɓa yi musu ba. Kafin su cika shekara, yawancinsu sun daina jin bambancin. Kunne ya riga ya zaɓi sautukan gida ya yi watsi da saura. Masanin tsarin sauti Nikolai Trubetzkoy ya kwatanta harshen uwa da rariya: duk baƙon sautin da ya shigo, ta cikinta zai bi. Saboda haka mutumin da yake musanya p da f ba ganganci yake yi ba, sau da yawa abu guda yake ji.

Dubi yadda Bakano yake furta f. Ba ya taɓa haƙoransa da leɓe. Leɓɓan biyu yake kusantarwa iska ta fita, shi ya sa masana irin su Farfesa M. A. Z. Sani suke sanya wannan baƙi cikin baleɓe. In leɓɓan suka ɗan matsu, sai ya fito kamar p, kuma ma'ana ba ta motsa ba. Ka ce tafki ko tapki, ruwan dai shi ne. Ka ce an cinye kaf ko an cinye kap, tukunyar babu komai. Shanono tana bakin iyaka da Jihar Katsina, kuma duk wanda ya nausa yamma ya san wannan baƙi yana ƙara sauya kama, fara ta zama hwara, tafi ta zama tahi. A Hausa duk waɗannan fuskokin abu ɗaya ne. A Turanci kuwa p da f gidaje biyu ne masu katanga a tsakani: "pull" jawowa ne, "full" cika ne, "copy" kwafi ne, "coffee" abin sha ne. Bahaushe ya shigo da 'yancin da harshensa ya ba shi cikin harshen da bai yarda da wannan 'yanci ba.

Na biyu shi ne ginin gaɓa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, dole wasali ya raba su. Shi ya sa muke da burodi, firamare, filasta, bulo, sitiyari da sukurudireba. Yawancin sunayenmu kuma da wasali suke ƙarewa, sai muka samu buroshi da gareji da coci. Harshen Koriya ma haka yake ƙin cunkoson baƙaƙe, yakan saƙala wani wasali mai kama da u wanda ake furtawa ba tare da an turo baki ba. Kalmar Turanci ta yajin aiki, "strike", gaɓa ɗaya ce a bakin mai ita, a bakin ɗan Koriya ta zama gaɓa biyar. Akwai wata ƙa'idar tamu da ba kowa yake lura da ita ba: dogon wasali ba ya zama a rufaffiyar gaɓa. Wasalin ƙarshen gida dogo ne, amma da ka ce gidan Bala ya gajarce. Wasalin o kuwa in aka rufe shi yakan karkata zuwa a, shi ya sa rigar Bature ta zama kwat, gawayinsa ya zama kwal, zinarensa ya zama gwal. Duk wanda ya kalli waɗannan kalmomi da idon basira zai ga tsari mai kyau. Kakanninmu da suka aro su a bariki da tashar jirgin ƙasa ba su ɓata Turanci ba, sun yi masa ɗinki ne daidai jikin Hausa.

Akwai kuma inda muka fi mutanen Koriya sa'a nesa ba kusa ba. Su l da r sauti ɗaya ne a wurinsu, yana fita kamar r tsakanin wasula, kamar l a ƙarshen gaɓa, kuma wannan ne babban abin da ake yi musu ba'a da shi a Amurka. Mu muna da l, muna da r har iri biyu. Ba su da z, mu muna da ita. Baƙin da ya zo gaban ɗan hanci, irin m ko n, yakan nashe a bakinsu, har "pick me" ta fito kamar "ping me". Matasan Seoul sun daina bambance dogon wasali da gajere a nasu harshen, mu kuwa yaro ɗan shekara uku ya san garin da ake zama ciki daban da garin da ake tuƙa tuwo da shi, ya san fasa tulu daban da fasa tafiya. Wannan jari ne babba ga mai koyon Turanci, in ya sami malamin da zai nuna masa yadda zai riƙe tsawon wasalin ko da baƙi ya rufe gaɓar.

Mutanen Koriya sun daɗe suna ci-rani. A ranar 13 ga Janairu 1903 rukuninsu na farko, mutum 102, suka sauka a Honolulu don aikin gonakin rake. Bayan Amurka ta sauya dokar shige da fice a 1965 suka kwarara da yawa, har suka kafa unguwarsu a Los Angeles, kamar yadda namu suka kafa Sabo a Ibadan da zango a Kumasi. Wannan yawa ya ba masu bincike damar auna abin da mu har yau hasashensa muke yi. A 1999 James Flege da Grace Yeni-Komshian da Serena Liu suka wallafa binciken da suka yi kan 'yan Koriya 240, waɗanda suka isa Amurka suna tsakanin shekara 1 zuwa 23, kuma duk sun daɗe da zama a can. Aka naɗi muryarsu, aka ba 'yan ƙasa su saurara. Sakamakon a fili yake: gwargwadon girman mutum lokacin da ya isa, gwargwadon ƙarfin karin harshen gida a Turancinsa. Wanda ya je da ƙuruciya ya kusa sajewa, wanda ya je da gemu ya riƙe alamarsa ko ya shekara nawa.

Darasi biyu nake gani a nan. Magidancin da ya je Agege ko Mile 12 a Legas yana ɗan shekara talatin, ba zai rabu da karin Hausa ba, kuma bai kamata a ɗora masa wannan buri ba. Amma ɗansa da ke aji uku a firamaren ƙauye, kunnensa bai gama bushewa ba, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai Koriya ta kuma nuna mana inda kunyar harshe take kai mutane in ta wuce gona da iri. A farkon shekarun 2000 jaridu sun ba da labarin iyayen da suke kai ƙananan yara asibiti a yanke musu linzamin ƙarƙashin harshe, wai don harshen ya ƙara tsawo ya iya r da l na Turanci. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar ta sa batun cikin wani fim da ta ɗauki nauyi a 2003. Alhali 'ya'yan 'yan Koriya da aka haifa a Amurka suna furta r da l ba wuƙa ba almakashi. Wasu iyalan kuma suka rabu gida biyu, uwa da yara suna ƙasar waje don yara su sha Turanci, uba yana gida shi kaɗai yana aika kuɗi. Mu ba mu kai ga wuƙa ba, amma muna da namu yankan. Makarantun kuɗi da suke cin tarar yaro ko su zane shi don ya yi Hausa a aji, da iyayen birni da suke alfahari ɗansu bai iya harshen kakarsa ba, duk daga tushe ɗaya suke. A lura kuma, yaron Koriya da harshensa da rubutunsa na Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446, yake fara koyon karatu. Tun 1997 Turanci a aji uku na firamare yake shigowa a makarantun gwamnati.

Tarihinmu ma ya ƙaryata masu cewa bakin Bahaushe ne bai dace da Turanci ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta yaye mutanen da lafazinsu ya zama abin misali. Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya yi karatu a can daga 1928 zuwa 1933, shi ne ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoba 1960, kuma shi ake yi wa kirari da muryar zinare ta Afirka. Farfesa Munzali Jibril, a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, ya nuna Turancin Nijeriya ba iri ɗaya ba ne, na Hausawa yana da siffofinsa daban da na Kudu, kuma wasulansa sun fi kusa da na Ingila ta wasu fuskoki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wancan zamani ɗalibai kaɗan ne, malamai masu harshen ne, kuma ana zama da yaro ana gyara masa baki. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofa ga kowa, wanda alheri ne babba, sai aji ya cika ya batse, aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa. Yau yaron ƙauye yana jin Turanci daga malamin da shi ma a littafi ya fi ganinsa. Ba na ganin laifin malamin, abin da aka ba shi yake bayarwa.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. A kowace unguwa ta Shanono akwai malamin da aikinsa kullum shi ne sa yaro ya furta sautin da babu shi a Hausa. Alaramma da malamin Islamiyya ba sa ce wa yaro ya haddace sunan sauti a takarda. Sukan zaunar da shi gabansu, su furta, ya maimaita, su ce a'a, fito da kan harshenka, a'a, daga maƙogwaro, har sai ya zauna. Wannan shi ne ilimin maharijul hurufi. Kuma an ga amfaninsa, tun 1986 da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, yaran ƙauyukanmu suke fita su kara da 'ya'yan Larabawa a karatun Larabci, wani lokaci su dawo da kambu.

Dubi abin da tajwidi ya riga ya sa a bakin yaro. Harafin ث da harafin ذ, da kan harshe da bakin haƙoran sama ake fitar da su, kuma su ne sautuka biyun da Bature yake rubutawa da th. Rariyarmu tun da can takan mayar da su s da z, shi ya sa muke da Usman da hadisi da sulusi, muke da zikiri da zunubi da azaba, kuma shi ya sa Bahaushe yake cewa "sink" a gurbin "think" inda ɗan Kudu yake cewa "tink". Amma yaron da aka gyara wa karatu ya rabu da wannan a cikin tilawarsa. Harafin ف kuma, littattafan tajwidi sun ce mafitarsa ita ce cikin leɓen ƙasa tare da bakin haƙoran sama. Wannan ita ce f ta Turanci sak. In ka sa mata amon murya ta zama v. Abin da ya rage shi ne p, wadda babu ta a Larabci, ita kuma b ce da aka cire wa amo aka sake ta da hucin iska, ko takarda ka riƙe gaban bakin yaro zai ga ta motsa. Wato yarinyar da take fita Islamiyya da yamma tana ɗauke da sautukan da ake cewa ba ta iya ba da safe a makarantar boko. Babu wanda ya taɓa ce mata fa'un da take karantawa ita ce f ɗin da ake nema.

Ba kuma kowane sauti ne ya cancanci wahala ba. Murray Munro da Tracey Derwing sun nuna a 1995 cewa ƙarfin karin harshe daban, fahimtar magana daban: mutum yana iya zama da kari mai kauri amma a ji duk abin da ya faɗa. Ban Ki-moon ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2007 zuwa 2016 da karin Koriya a bakinsa. Jennifer Jenkins, a littafinta na 2000, ta bi diddigin inda fahimta take karyewa tsakanin mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne. Ta gano th ba ta cika hana fahimta ba, kuma saƙala wasali tsakanin baƙaƙe ya fi yar da baƙi sauƙin illa. To namu halin saƙalawa ne. Inda ya kamata a dage kaɗan ne: p da f, b da v, tsawon wasali, sai kuma gaɓar da ake dannawa. Wannan na ƙarshen shi aka fi rainawa, alhali ya fi haɗari. Mu da karin sauti muke bambance kalmomi, Turanci da danna gaɓa. "Fifteen" da "fifty" suna neman zama ɗaya in ba a danna inda ya dace ba. Ga ɗan kasuwa, tsakanin sha biyar da hamsin asara ce. Ga ma'aikaciyar jinya da take karɓar umarnin likita ta waya, ran mutum ne.

Akwai kuma rabon da ba a bakin mai magana yake ba. A 1992 Donald Rubin ya kunna wa ɗaliban jami'a a Amurka lacca da muryar Ba'amurkiya haifaffiyar ƙasar. Wasu aka nuna musu hoton farar fata, wasu hoton 'yar Asiya. Waɗanda suka ga 'yar Asiya suka ce sun ji baƙon kari, kuma fahimtarsu ta ragu, alhali muryar ɗaya ce. Duk wanda ya ga yadda finafinan Kudu da masu barkwanci suke fito da maigadi Bahaushe, ana kiransa aboki, yana juya p da f ana shewa, ya san wannan bincike ba na Amurka kaɗai ba ne. Wani tun daga hularka ya gama yanke hukunci kan Turancinka. Laifi tudu ne. Bayarabe yana fama da h da v da z, a wasu sassan ƙasar Ibo l da r suna musanya, Baturen da ya zo koyon Hausa kuwa kafa da ƙafa sukan gagare shi, kamar yadda Hausar zangon Gana ta saki ɓ da ɗ da ƙ. Mu ma in muna neman a daina yi mana dariya, sai mu daina yi wa Bagwari da Banufe dariyar Hausarsu.

Aikin gyaran ba mai tsada ba ne. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi tana kusa, ga makarantar Sa'adatu Rimi a Kumbotso, ga sashen harsunan Nijeriya da na Turanci a Jami'ar Bayero. Abin da malamin firamare yake bukata shi ne a fara gyara masa nasa bakin, baki da baki kamar yadda ake biya allo, a ba shi jerin sautukan nan 'yan kaɗan, a nuna masa wanne Hausa ta ba yaro, wanne Larabci ya ba shi, wanne ne sabo. Yawancin malaman nan sun yi Islamiyya, wasunsu ma su ne suke koyarwa a cikinta da yamma. Minti goma a farkon darasi ya isa, kuma wayar hannu tana iya ɗaukar muryar da za a kwaikwaya.

Abin da zai hana malamai damuwa da wannan shi ne jarrabawa. Takardar furucin Turanci ta WAEC da NECO, wadda ake kira "Test of Orals", a rubuce ake yin ta. Ɗalibi yana zaune shiru yana zaɓar amsa da fensir, yana duba alamomin sauti a takarda, ba wanda ya ji muryarsa. Yana iya cin wannan takarda bai taɓa raba p da f a bakinsa ba. A musabaƙa kuwa alƙalai suna zaune suna saurare, in harafi ya kauce daga mafitarsa a rage maki nan take. Muddin jarrabawar Turanci ba ta saurari ɗalibi ba, malamin sakandare a Shanono alamomin zai ci gaba da rubutawa a allo, domin su ne za su fito a watan Mayu.